Baki na Uku

Ku da kuke tura mini waya a fuska kuna cewa ga wani Bature can ya gyara bindiga mai tsatsa kafin shayi ya huce, ku ajiye wayar nan ku saurara. Na ga bidiyon, ba sai kun sake kunna mini ba. Ya tsoma ta a ruwa, ya goga, ya shafa mai, sai ga ta tana ƙyalli ana kiɗa. To, abin da ya yanke daga bidiyon ya jefar, shi ne aikin. Ni Sa'idu a unguwar Tandabawi, nan kusa da Harami, aka haife ni, tun ina saurayi nake wannan sana'a har gemuna ya yi fari, kuma har gobe in aka ajiye mini tsohuwar bindiga a tebur sai na yi bisimilla kafin in taɓa ta. Bari in ba ku labarin guda ɗaya kawai. Ta zo mana a rufe, tsatsa ta kama ta gam, da harsashi a cikinta. Abin da na sa a gaba shi ne in buɗe ta ba ta tashi ba, ba a kuma sa mata zarto ba.

Warsharmu, wato shagon aikin, ba a cikin gari take ba. Kun dai san a Harami ba a farauta, ko tattabara ba ka isa ka tsorata ba, balle ka ratsa titin Mansur da bindiga a kafaɗa. Don haka Abu Faisal, Balaraben da ke da lasisin sana'ar kuma muke aiki a ƙarƙashinsa, ya kafa ta can bayan alamun Harami, a hanyar Ɗa'ifa. Mu biyu ne a ciki. Ni ne mai katako da ƙananan ƙarafa. Adamu shi ne mai wuta: walda, narka dalma, duk abin da ke son zafi. Mutumin Maraɗi ne, ya zo aikin Hajji da girmansa ya yi zamansa, a lokacin yana saman dutsen Nakkasa da iyalinsa. Hannu gare shi, wallahi in ya yi maka walda sai ka shafa kana neman wurin. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya ganin aiki a ajiye.

Shekarar annoba ce, shekarar da ban taɓa ganin irinta ba. Ba biki, saboda haka masu rawar bindiga na Ɗa'ifa ba sa kawo gyara. Ba akwatin da ke shigowa ta Jidda. Ko bayan da aka sassauta kulle, mu buɗe da safe mu share ƙasa, mu sha shayi, mu sake share ƙasar da muka share. Abu Faisal kan leƙo ya tsaya a ƙofa, ya dubi teburin ba kome a kai, ya yi tsaki ya koma motarsa.

Ranar da bindigar ta zo ba na nan, na je asibiti a duba mini ido. Na iso gab da azahar na tarar da Adamu cikin fara'a. Ya ɗaure wata doguwar bindiga a mangana, ƙarfen nan da ke damƙe abu a kan tebur, ya jawo kujerarsa ta gaba don ta nan ya fi ganin gaɓar da take karyewa. Bakinta na kallon cikinsa.

Ya ce, "Usta," haka yake kirana, wato maigidan sana'a, "sannu da zuwa, ya idon? Ga aiki Allah ya kawo mana. Wani dattijo ne daga cikin duwatsu, Ammi Salim, wato Baffa Salim. Ta ƙi buɗewa. Ɗan zafi kawai zan ba ta a gaɓa, za ta saki."

Ina rataye jakata ya ƙyasta wuta a bakin tiyon gas. Ya sunkuya yana yi wa bindigar wasa kamar yadda ya saba yi wa kowane ƙarfe: "Ke Mu'ammara, yau sai kin buɗe baki."

Na juyo. "Me ka kira ta?"

"Mu'ammara. Haka mai ita ya ce. Har sau biyu ya faɗa: intabih, hadi mu'ammara min ayyam abuya. Wai in bi ta a hankali, tsohuwa ce tun zamanin babansa."

Na rufe tukunyar gas, na cafki wuyan rigarsa na fizge shi gefe, shi da kujerar suka zube tare.

Adamu bai yi ƙarya ba, kuma bai yi sakarci ba. In kun ji an ce wane mu'ammar ne, to tsoho ne tukuf, Allah ya ja kwanansa. A masallaci da zaman makoki Adamu ya tsinci Larabcinsa, kuma a can abin da kalmar ke nufi ke nan. Amma a bakin maharban dutse, in mutum ya ce ya ammar bindiga, ɗura mata harsashi ya yi. Dattijon nan cewa ya yi, yi hattara, a ɗure take tun zamanin babana. Ni da na tashi cikinsu, tun kalmar ba ta gama fita bakin Adamu ba na gane abin da ake nufi.

Ya miƙe yana kakkaɓe wando, ransa a ɓace. "Haba Usta! Ni yaro ne? Na zura sanda a bakunanta duka, ta wuce har ƙasa. Ba kome ciki."

Na ce, "Baki nawa gare ta?"

"Biyu mana. Ga su nan jere."

"Wannan na ƙasa fa?"

Ya duba. Ƙarƙashin manyan bakuna biyun akwai wani siriri, zanzaro ya toshe shi da laka har ya bushe ya zama kalar tsatsar. Adamu ya ce, "Wannan ai gidan sandar ɗuri ne." Kun ji inda gida ya biyo shi. Bindigar toka ya sani tun yana yaro, irin ta maharban ƙauyensu, wadda ake soke sandar ɗura albarushi a ƙarƙashin bakinta. Ita kuwa wannan ƙirar Jamus ce mai baki uku. Biyun sama na watsa ƙananan dalma ne, don tsuntsu da zomo. Na ƙasan na harsashi guda ne mai tafiya nesa, don babbar dabba. Maharbi ya fita da bindiga ɗaya, duk abin da daji ya ba shi yana da amsarsa.

Na tsaya daga gefe na ƙwaƙule lakar da tsinken katako. Na zura siririn kara a hankali har ya tsaya, na dafe wurin da farce, na zaro na gwada shi a jikin bakin ta waje. Bai kai ƙarshe ba, saura kamar tsawon yatsa. Akwai abu a ciki. Adamu ya ɗaga kujerarsa ya kai ta can bakin ƙofa ya zauna.

Washegari Ammi Salim ya zo, ɗansa ne ya tuƙo shi. Dattijo ne siriri, ya rina gemu da lalle, yana dogara sanda. Abu Faisal ma ya zo don na kira shi. Dattijon ya ba mu labari a tsaye, ya ƙi zama. Kura ce ta dame su da ɗaukar tumaki, babansa ya ɗura bindigar da yamma da niyyar ya yi mata kwanto, ya rataye ta a bangon zaure. Kafin ya fita ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Daga nan ba wanda ya iya sa hannu ya sauke ta. Shekaru suka shuɗe, rufin ya yi yoyo a kanta, ranar da suka ce bari a buɗe ta tuni ta kafe.

Abu Faisal ya ce, "Ya ammi, wannan ba ta gyaruwa. Ko dai mu yanke ta mu fitar da abin da ke ciki, ko a miƙa wa hukuma su lalata ta. Halas, shi ke nan."

Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa. "Ba mai sa wa bindigar abuya zarto ina numfashi. In ba za ku iya ba, ku naɗe mini ita in mayar da ita inda take."

Ɗan nasa ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya. Ya ce tun da aka rufe makarantu jikoki sun cika gidan, kuma rannan ya kama ɗaya ya jawo kujera gindin bangon yana miƙa hannu. Shi ya sa ya matsa aka kawo ta. Ya ce in muka mayar wa tsohon, wallahi a ƙusar nan zai sake rataye ta, ba mai hana shi.

Na koma na ce, "Ammi, bar ta. Zan buɗe ta, kuma ba zarto."

Abu Faisal ya harare ni. "In ta tashi fa?"

Na ce, "Za ta tashi cikin yashi."

Ya ce to, amma duk lokacin da nake kanta kada kowa ya kasance cikin warshar, har Adamu. Na ce na yarda. Ni ma abin da nake so ke nan.

Aikin farko ba a jikin bindigar na yi shi ba. Na sa Adamu ya yanke bakin wani tsohon duro, muka cika shi da yashin kwari, muka kwantar da shi jikin bangon baya, muka juya teburin har bakunan uku suka shige cikin yashin. Daga ranar ban ƙara tsayawa gabanta ko bayanta ba, kullum daga gefe. Sannan na zauna yin sukudireba. E, yi na ce, ba saye ba. Ƙusoshin tsohuwar bindiga tsagarsu siririya ce kamar an ja da reza, kuma kowace da tata. In ka sa na kanti zai zame ya yage tsagar, ya karce zanen da wani bawan Allah ya ɓata idonsa yana yi, ƙusar kuma ta zauna har abada. Sai ka ɗauki ƙarfe ka ci shi da magagari, ka gwada, ka sake ci, har ya zauna cikin tsagar ba ya rawa.

Wannan a wurin Kawu Nomau na koye shi, ƙanin mahaifiyata. Maƙerin Gobir ne, ya zo da ƙafa ta Sudan, ya ƙare yana gyara wa Larabawan ƙauye bindigogi a wata rumfa. Da aka kai ni wurinsa na zaci washegari zan riƙe bindiga. Ina! Guntun ƙarfe ya ba ni da magagari ya ce in daidaita masa fuska ɗaya. In kawo, ya ɗaga wa haske, ya miƙo mini ba magana. Na yi ta yi har tafin hannuna ya yi kanta. Ban san ranar da na iya ba, sai dai wata rana ya jefa ƙarfen aljihu ya miƙo mini wata ƙusa ya ce in yi mata abin kwancewa. Mutum ne mai faɗa, Allah ya jiƙansa, amma bai taɓa dukana ba sai sau ɗaya, ranar da na leƙa bakin bindiga da ido don in ga ko da datti. Marin nan har yau in na tuna sai kunnena ya yi ƙaiƙayi.

Da sukudirebobin suka samu, na kwance kunnuwan bindigar, ƙarafan nan biyu da ake ja baya su daki harsashi, na ajiye su a kwano. Kada ku ce shi ke nan an tsira. Akwai allura a ciki wadda ke dukan gindin harsashin, kuma ba ni da hanyar sanin ko tsatsa ta kafe ta tana dafe da shi. Saboda haka ba guduma, ba bugu, ba girgiza, ba wuta. Abin da ya rage mini mai ne da haƙuri. Kowace safiya in tsoma gashin kaza a mai mai ruwa-ruwa in ɗiga a gaɓar da kewayen marfin buɗewa, ɗan ƙarfen da ake turawa da yatsa ta karye, in dafa marfin da babban yatsa in ji ko zai ce wani abu. Ko gezau. In rufe ta da tsumma sai gobe.

Ƙotar kuwa na cire ta na kai ɗaya teburin, don ita ma tana da nata ciwon. Katakon goron Turawa ne, ya tsage daga wuya. Katakon ƙasar sanyi bai san zafinmu ba. Akwatin farko da Abu Faisal ya taɓa shigowa da shi daga gwanjon Turai, ɗoki ya sa ya buɗe ya jera bindigogin a shago, rana ta waje, sanyin na'ura ta ciki. Ba a daɗe ba muka fara jin ƙas, ƙas, katako na tsagewa shi kaɗai. Tun daga nan duk wadda ta sauka daga Jidda sai ta yi zamanta a naɗe cikin bargo a ɗakin ciki har ta saba da iskarmu kafin in kalle ta. Ta Ammi Salim na buɗa tsagar da siririn katako, na wanke tsohon man da ya jiƙa ta, na sa gam na ɗaure da robar tayar keke. Da ta kama na bi ta da mai da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, ba fenti. Akwai wani lotsawa a gefen ƙotar inda kuncin mai ita ya goge katakon, wannan ban taɓa shi ba.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne, kuma sai ka san wanda ke gabanka. Masu rawar bindiga a biki su ƙara suke so da hayaƙi, a tashi sama a harba ƙasa. Masu tarawa su jera a ɗakin baƙi so suke ta yi ƙyalli, sai ka yi ta fama da su kada a kankare mata shekarunta. Akwai maharba masu lasisi da ke jiran lokacin farauta. Su ne masu wahala, don harsashin irin waɗannan bindigogi an daina ƙera shi tun kafin a haifi iyayenku. Kwanson da aka harba ba a yarwa, a tsince shi a kawo a sake cikawa. Ranar cikawa ba shayi a tebur, ba waya, ba hira, ma'aunina irin na masu sayar da zinariya ne, kuma abin da ban tabbatar ba ba na zubawa. Duk wanda ya ce muku yana cika harsashi da ido, ku tambaye shi yatsunsa nawa.

Shi ya sa da Adamu ya fara cewa ai harsashin nan ya mutu tuntuni, ban biye masa ba. Kullum in na fito shan iska sai ya tare ni da ita. "Usta, shekara nawa? Ga yoyon ruwa, ga man da kake ɗura mata. Ko da na sa wutar nan ba abin da zai faru." Na gane kansa yake lallashi, don tun ranar bai ƙara yi wa ƙarfe wasa ba. Sai in ce, "Wataƙila." Amma na riga na tambayi Ammi Salim yadda babansa ke cika nasa, ya ce da hannunsa yake yi, in ya gama ya bi bakin da gindin da kakin zumar dutse. Mutumin da ke yin haka ba ya cika harsashi don ya mutu.

Aka shiga watan Sha'aban marfin nan bai motsa ba. Abu Faisal ya fara cewa na mayar masa da warsha ɗakin jinya. Sai ga Ammi Salim ba sanarwa, wai zuciyarsa ta raya masa mun yanke ta mun ɓoye. Ya shigo ya ga ƙota a nan, kunnuwa a kwano, baki cikin duro.

"Kun kashe ta! Haɗa mini ita yanzu in tafi da abata."

Na ce, "Ammi, in na haɗa ta yanzu, da harsashin za ka tafi."

"Da shi ta zauna shekara da shekaru, ta ci wani?"

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce, "Saura ƙiris ta ci wancan," na nuna Adamu a bakin ƙofa. "Yana da 'ya'ya a Nakkasa. Kai ma kana da jikoki a gindin bangon nan. Ban yanke ta ba, ba zan yanke ta ba, kuma ba za ta fita ƙofar nan a ɗure ba. In kana so ka kai ƙarata, ga hanya."

Ya dube ni. Ina jin rabon da wani ya yi masa magana haka tun babansa na da rai. Sannan ya taka zuwa teburin katako, ya ɗauki ƙotar, ya shafa wurin lotsawar nan da yatsa. Ya ajiye. Ya ce, "Kafin azumi." Ya fita.

Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Na ji, kuma ba tsoron harsashin kaɗai ba, tsoron in azumi ya kama ban buɗe ta ba, don na san dattijon nan zai dawo da mutanensa ya ɗauki abarsa, kuma ba ni da hurumin hana shi. Na ƙara yawan ɗiga man, safe da la'asar. Na sassaƙa wani katako mai rami daidai marfin don in riƙa dafa shi da tafin hannu gaba ɗaya maimakon yatsa. Ba turawa nake ba, jingina nauyina kawai nake in saki, in jingina in saki.

Wata safiya ina jingina sai na ji abu ya ba da kai, ɗan kaɗan, kamar haƙori mai girgiɗi. Na cire hannu na tsaya. Man da ke gefen marfin ya fito ja. Ban ƙara taɓa ta ba ranar, na fita na ce wa Adamu ya zuba mini shayi. Washegari ta ƙara ba da kai. Haka muka yi ta yi, in kai marfin iyakar inda ya yarda in dawo da shi, in goge jan man in ɗiga sabo. Ran da ya kai ƙarshe sai gaɓar ta ce ita ma sai an roƙe ta. Na tallafi bakunan da tsumma daga gefe, na bar nauyinsu ya yi aikin, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ta yi wata 'yar ƙara, ta buɗe.

Ga shi nan a baki na uku. Gindin harsashi, ya yi kore, kakin zuma ya zagaye shi. Allurar kuwa a waje take, a kafe, har ta yi masa ɗan tabo a tsakiya. Na daɗe ina kallon tabon nan. Sannan na ci wata 'yar ƙugiya ta tagulla daidai leɓen kwanson, na yi ta lallaɓa shi da mai har ya zamo ya faɗo cikin tsumman da ke hannuna. Na raba dalmar da kwanson, na juye albarushin a busasshen finjalin gahawa na rufe. Sai a lokacin na buɗe ƙofa na ce wa Adamu ya shigo.

Sauran aikin irin wanda kuke gani a waya ne: wankewa, gogewa, mayar da kowace ƙusa raminta. Ana saura kaɗan a ga watan azumi na aika wa Ammi Salim.

Ya zo da ɗansa da hantsi. Na miƙa masa ita a kan tsumma. Ya ba ɗan sandarsa, ya karɓa, ya tura marfin da babban yatsa, ta karye a hannunsa ba gardama. Ya ɗaga ta wajen ƙofa ya leƙa ta baya, baki na ɗaya, na biyu, na uku, haske na ratsa kowane. Ya rufe, ya ɗora kuncinsa a ƙotar, ya daɗe a haka. Da ya sauke sai ya ce, "Ina fashak ɗin?" Harsashin yake nufi.

Na ba shi kwanson da dalmar, na nuna masa finjalin. Adamu na gefe, ya leƙa ya ce da Larabcinsa na masallaci, "Ai wannan ya mutu tuntuni, ya ammi. Ƙasa ce kawai."

Dattijon ya juyo kamar an zage shi. "Wa ya mutu? Ɗurin abuya ne wannan!"

"Shekarun da yawa, ammi."

"Ku fito waje."

Muka zagaya bayan warsha inda ba kome sai duwatsu. Na juye finjalin a kan wani faffaɗan dutse, na ce kowa ya ja baya. Na ɗaura tsumma a bakin doguwar sanda, na kunna, na miƙa daga nesa.

Fuu! Wuta ta tashi sama da tsayin mutum, farin hayaƙi ya turnuƙe mu, zafin ya daki fuskata. Kafin ka ce me, ba kome a kan dutsen sai baƙin tabo.

Ammi Salim ya yi kabbara, ya fashe da dariya har da tari, yana dukan kafaɗar ɗansa. "Ka gani? Ka gani? Na ce muku ɗurin abuya ne! Da kurar nan ta zo, da ta gane kurenta!" Hawaye na bin gemunsa yana dariya.

Na waiga ina neman Adamu. Yana tsugune jikin bango, ya dafe cikinsa da hannu biyu, daidai inda bakin bindigar ya kalla ranar, idonsa a kan tabon dutsen. Na kira sunansa bai ji ba. Sai da na dafa shi ya ɗago.

Ya ce, "Usta, ka ba Abu Faisal haƙuri. Yau ba zan iya riƙe kome ba. Zan shiga gari in yi ɗawafi, daga nan in je in ga yarana."

Ya miƙe ya nufi titi neman mota, ko hularsa bai koma ya ɗauka ba.